Ku mayar wa yarinyar nan da littafinta: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantun sakandare da ƙungiyoyin iyayen ɗalibai na Marwa, Kamaru

Assalamu alaikum.

Iyayena, yayyena da abokan aikina na da, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar yara. Shekara 23 na yi ina riƙe da alli a garin nan kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni gida, don haka da yawanku mun san juna. Wasunku mun kwana a kan takardun jarrabawa tare, wasu kuma 'ya'yanku sun bi ta hannuna tun daga ajin farko na lise, wato sakandare, har suka ci bakaloriya, jarrabawar kammala ta. Da na so, da na bi ku ɗaya bayan ɗaya na yi muku maganar nan a zaure. Na zaɓi in rubuta ta a fili ne saboda abin da zan faɗa, ko da yake a makaranta ɗaya ya auku, tunanin da ya haife shi yana nan a kusan kowane ofis da kowane gida a Marwa. Ni ma na daɗe da irinsa a raina.

A makon da ake shirin bikin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, an ƙwace wa wata ɗaliba littafin rubutunta. Ba zan ambaci makarantar ba, ba zan ambaci malamin ba, domin ba tozarta wani ne ya kawo ni ba. Yarinyar shekararta 17, a unguwarmu take, tana cikin 'yan matan da ke zuwa zaurena ranar Asabar bayan la'asar mu yi karatu. Littafin kuwa kaye ne mai shafi 200, bangonsa har ya yi laushi saboda yawan hannun da ya bi ta kansa. Labari take rubutawa a ciki tun watan Nuwamba, da Hausa, jefi-jefi da kalmar Faransanci ko ta Fillanci, kamar dai yadda yaranmu ke magana. Ta kai babi na 9.

Na karanta babi takwas na farko, don haka zan iya gaya muku abin da ke ciki. Labarin wata yarinya ne da yayanta, mai haya da babur, ya fita neman fasinja ranar da gari ya hargitse, bai dawo ba. Ba a san ko yana tsare ba, ko yana asibiti, ko ƙasa ta rufe masa ido. Abin da aka tsinto kawai silifansa ne na ƙafar hagu a bakin kwata. Yarinyar ba ta iya jifa ba, ba ta iya ihu ba, zane ta iya. Sai ta riƙa ɗaukar gawayi daga murhun mahaifiyarta, tana fita da asuba, tana zana silifa ɗaya a jikin katanga, babu rubutu, babu suna. Gari na wayewa a goge, kashegari ta sake. Kafin mako biyu sai ga silifa a katangun unguwannin da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba. Ashe akwai wasu gidajen da su ma suke jiran nasu. Ana cikin haka ita kanta tana lalacewa. Barci ya ƙaurace mata, ƙirjinta na bugawa kamar ana daka a ciki, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta tsinci kanta a ƙarƙashin gado. Uwarta ta ce iska ce, aka kai ta ruƙiya. Kakarta ta ce ta yi haƙuri. Ƙawarta ta miƙo mata ƙwaya ta ce ta sha, za ta manta.

Wannan shi ne abin da aka kira takardar tayar da fitina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gefen shafukan. Littafin ya zagaya ajinsu, ya tsallaka wasu azuzuwan, kowa ya karanta sai ya bar 'yar alama da biro. Wata ta rubuta, "Wallahi ni ce wannan." Wata ta ce, "Ni ma ba na barci, na ɗauka ni kaɗai ce." A shafin da ake maganar ƙarƙashin gado, wani, da alama namiji ne, ya sa kalma biyu da ƙananan haruffa kamar mai tsoron a gane hannunsa: "Har yanzu." Na ƙirga hannu daban-daban sama da 30. Duk tsawon shekarun da na yi a aji, ɗalibai 30 ba su taɓa gaya mini abin da ke cin su ba. Kaye ɗaya ya ji daga bakinsu a wata uku.

'Yan ƙungiyar wasan kwaikwayo na makarantar ne suka so su ɗauki babi biyu su nuna a makon matasa, nan maganar ta kai ofis. Aka karɓe littafin, aka soke wasan, aka kira mahaifinta. Mutumin kirki ne, baduku, da fata yake ciyar da gidansa. Ya dawo jikinsa na rawa, ya tattara duk wata takarda da ke ɗakinta ya cusa a murhu. Asabar ɗin da ta biyo baya ta zo zaurena, ta zauna inda ta saba kusa da randa, har aka kira magariba ba ta ce uffan ba.

Ban zo in ce tsoronku na banza ne ba. Na san inda ya samo asali, a gabanmu aka yi komai. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014 ta ba kotun soja ikon yi wa farar hula shari'a, kuma kalmominta suna da faɗin da zai iya haɗiye wanda bai ji ba bai gani ba. A nan Marwa aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a ƙarshen Yulin 2015. Aka yanke masa shekara 10 a 2017, sai a watan Disambar shekarar ya fito bayan an rage hukuncin. A 2016 kotun soja a Yawunde ta ɗaure wasu samari uku daga kudu maso yamma shekara goma-goma saboda saƙon barkwanci a waya da ya ambaci Boko Haram, kuma abin da ba na mantawa shi ne daga hannun malami maganar ta fara, shi ya ƙwace wayar a makaranta. Mawaƙi Lapiro de Mbanga ya yi shekara 3 a kurkuku bayan tarzomar Fabrairun 2008. 'Yan uwanmu na Kusiri kogi ne kawai tsakaninsu da abin da ya faru a Njamena ranar 20 ga Oktoba 2022, ranar da gwamnatin Cadi da bakinta ta ce mutane kusan 50 sun mutu. Ga kuma abin da ya biyo bayan zaɓen 12 ga Oktoba 2025 a Garwa da Duwala da wasu garuruwan, wanda rauninsa bai ma kame ba. Uban da ya san duk wannan, ya ga 'yarsa na rubutu a kan zanga-zanga, dole cikinsa ya ɗuri ruwa. Shugaban makarantar da ke tunanin takardar da za ta sauko masa daga sama, shi ma na fahimce shi.

Amma ku dubi abin da tsoron ya sa muka yi. Mun ƙwace kayen, abin da ya sa aka rubuta shi kuwa yana nan daram a ƙirjin yarinyar, da ƙirjin yara talatin ɗin da suka sa hannu a gefe. Wuri ɗaya suka samu da za su sauke shi, mun rufe.

Ku yi lissafi tare da ni. Yaron da ke ajin ƙarshe bana, mai shekara 17 ko 18, yana ɗan shekara 6 ko 7 ne a Yulin 2015, lokacin da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da unguwar Hausawa da ke jikinta, bayan kwana uku kuma a unguwar Pont Vert. Ya girma ana lalube shi a ƙofar masallaci da ƙofar makaranta. Benci ɗaya yake zaune da yaron da ya gudo daga Kolofata ko Amcide ko Fotokol da rigar jikinsa kawai. Ya san akwai sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo, inda tun 2013 dubun-dubatar mutane daga Najeriya ke zaune, har an haifi yara a can sun isa shiga sakandare. Ya ga waɗanda rikicin Logon-Birni na Disambar 2021 ya kora zuwa Cadi, ya ga waɗanda ambaliyar 2024 ta raba da gidajensu a Yagwa da kewayenta. Ba littafi ne ya koya wa wannan yaro tashin hankali ba. Tun bai iya rubuta sunansa ba ya sani. Mu ne dai ba mu taɓa zaunar da shi mun tambaye shi me ya gani ba.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kakanninmu sun gane abin tun kafin likitoci su ba shi suna. Mutumin da ya firgita ƙwarai, jikinsa kan ci gaba da zaman ko-ta-kwana bayan haɗarin ya wuce da shekaru. Ƙara kaɗan sai zuciya ta buga, gumi ya keto, numfashi ya sarƙe. Da dare mafarki ya dawo da shi wurin. Da rana ya kasa tattara hankalinsa a kan allo, ya riƙa saurin fushi, ko ya yi shiru kamar ba ya nan. A rajistarmu ta makaranta waɗannan alamomin sunansu lalaci, taurin kai da rashin kunya.

Zan faɗi nawa laifin, don kada ku ce daga gefe nake magana. A 2017 ina cikin darasi tayar wata mota ta fashe a titin bayan ajinmu. Wani yaro da ke zaune kusa da taga ya yi tsalle ya fice, bai tsaya ko ɗaukar takalminsa ba. Ajin ya fashe da dariya. Da ya dawo bayan rabin sa'a na sa shi ya durƙusa a gaban allo har aka tashi. Sai daga baya, wajen ta'aziyya a wani gida, na ji cewa ranar kasuwar nan yana riƙe da hannun gwaggonsa, ita ba ta koma gida ba. Yaron bai ƙarasa shekarar ba ya daina zuwa. Na taɓa hango shi sau ɗaya a tasha, idanunsa jawur, maganarsa na jan ƙafa irin ta masu tiramol. Da a lokacin na taɓa karanta labari ko guda ɗaya da ya shigar da ni cikin kan irin wannan yaro, da ban durƙusar da shi ba. Wannan nauyin da shi zan tafi kabari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka tun kafin shekara 14 suke farawa. Lissafin duniya baki ɗaya ke nan, har da ƙasashen da ba su san ƙarar bam ba. Ajin da ke da ɗalibai 70, irin waɗanda muka saba da su, goma ke nan. Ina za su je? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Asibitin Jamot na Yawunde da kowa ke ambata, sai ka hau mota zuwa Ngaundere, ka kwana a jirgin ƙasa, tafiyar sama da kilomita 1,000. Kuma wane uba ne zai yarda a ce 'yarsa budurwa an kai ta asibitin mahaukata, alhali yana jiran masu neman aure? Kalmomin da muke da su ma sun yi mana kaɗan. Daga "lafiya lau" sai "taɓin hankali", tsakani babu komai, alhali a tsakanin nan yawancin yaranmu suke: ƙunci, fargaba, rashin barci, jin cewa rayuwa ba ta da ɗanɗano. Mai sayar da tiramol kuwa yana bakin hanya, ba ya tambayar kowa sunan ubansa.

Ga malamanmu na addini da ke cikin ƙungiyoyin iyaye, Allah gafarta malam, ban zo in raba kowa da addu'a ba. Ni ma da ita nake kwana, da ita nake tashi. Amma ku kuka karantar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ku kuka karantar da mu cewa idanun Annabi Yakubu, alaihis salam, sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma ba a ce imaninsa ya raunana ba. Shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da baffansa, shekarar baƙin ciki aka kira ta. Surar da ta ba da labarin yaron da aka jefa rijiya, aka sayar, aka ɗaure bisa zalunci, ita ce ta zo da mafi kyawun labari. To me ya sa yarinyar da ta ce zuciyarta ta yi nauyi za mu ce mata ta yi shiru kada a ji? A yi mata addu'a, a kuma saurare ta, a kai ta wurin ma'aikacin lafiya in abin ya yi tsanani. Ɗaya ba ya korar ɗaya.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, haka ne. Maƙwabtanmu Fulani suna ce masa munyal, kuma kun san 'yar garin nan, Djaïli Amadou Amal, a kan wannan kalmar ta gina littafin da ya kai sunan Marwa duniya. Abin da nake so ku lura da shi shi ne su wa suka ba ta babbar kyautar da ta samu a Faransa a 2020. Kyautar Goncourt ta 'yan lise ce, ɗalibai ne sa'o'in yaranmu suke karanta littattafai, su yi muhawara a aji, su kaɗa ƙuri'a. Yaran wata ƙasa an amince musu su karanta labarin auren dole da duka da ƙuncin matan Sahel, su yanke hukunci a kansa. Mu da abin ya faru a tsakar gidanmu, yarinyarmu ta rubuta nata, muka kulle shi a durowa. Duk ranar da aka yi taro muna alfahari da Djaïli. Ita ma wata rana yarinya ce mai biro da takarda a garin nan.

Wasu za su ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, yaro ya riƙa sukar manya da sunan fasaha. Ina roƙonku ku tuna da tashe. In azumi ya kai goma, yara su ɗaura gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida-gida suna kwaikwayon mai rowa, da malamin da ya fi son tuwo da karatu, da mijin da ba ya cefane. Mu yi dariya, mu ba su hatsi ko 'yan kuɗi, wanda abin ya taɓa kuma ya ji a jikinsa. Zambo da habaici namu ne. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da suka girgiza sarakuna da 'yan mulkin mallaka, da Hausa ya yi su. Rubutun ƙagaggun labarai na Hausar boko kansa da gasa ya fara a Zariya a 1933, aka ce wa masu ilimi su rubuto labari, littattafai biyar suka fito, har yau ana karanta su. Al'adarmu ta daɗe da sanin cewa akwai maganar da ba ta faɗuwa kai tsaye, sai an sa mata rigar wasa ko waƙa ko tatsuniya. Silifan gawayi a jikin katanga ɗan gidan nan ne.

Kuma kada mu yaudari kanmu cewa in mun hana wannan sun daina karatu. Ku karɓi wayar kowace yarinya ku duba. Littattafan Hausa na intanet suna shigowa ta WhatsApp babi-babi daga Kano da Kaduna da Zariya, ana biya da kuɗin waya, ana karantawa a ƙarƙashin bargo har ƙarfe biyun dare. Akwai masu kyau a ciki, ban raina marubutansu ba, wasunsu ma sun yi fice a gasar Hikayata da BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016. Sai dai yawancinsu labarin kishiya ne da attajiri mai jerin motoci, wasu kuma ba su dace da 'yar shekara 14 ba ko kusa. Babu yashin Mayo Kaliyawo a cikinsu, babu inuwar darbejiyar titunanmu, babu fargabar jarrabawar probatuwar da ake yi kafin ajin ƙarshe, babu yaron da ke magana da harshe uku kafin ya karya kumallo. Littattafan manhaja kuma da Faransanci suke, an zaɓe su don jarrabawa, ana haddace sharhinsu a mayar wa mai gyara. Abin da babu shi sam shi ne labarin da tauraronsa ɗan shekara 16 ne daga Domayo ko Dugoy, da muryarsa, da damuwarsa, wanda babba bai tsaya a kansa yana wa'azi a kowane shafi ba. A wasu ƙasashe wannan fanni ne mai zaman kansa, da marubutansa da kantocinsa. A nan yaranmu sun fara ƙirƙiro shi da kansu a cikin kaye, ba wanda ya sa su.

Na san tambayar da ke bakin da yawanku: in yaro ya karanta labarin zanga-zanga, ba zai fita titi gobe ba? Ni abin da na gani a zaurena daban ne. Yaran da suka karanta babi takwas ɗin nan ba jifa suka zo suna yabo ba. Gardama suka yi, mai zafi, a kan ko yayan ya yi wauta da ya fita ranar, ko talauci ne ya fitar da shi. Ɗaya ta ce zanen silifa tsoro ne aka yi wa kwalliya. Wata ta ce ai shi ya fi dutse ƙarfi, tunda dutse sau ɗaya ake jefa shi, silifa kuwa kullum sai an aiko mai gogewa. Wani yaro da ya raka ƙanwarsa ya tambaya, sojan da ke tsaye a mararraba shi ba shi da ƙanwa ne? Labarin ya nuna musu abin da bidiyon daƙiƙa talatin a Facebook ba ya nunawa: uwar da ke bin ofisoshi da kwanon abinci ba ta san wa za ta ba, da kuɗin haya da ya tsaya, da daren da ba ya ƙarewa. Yaron da ya zauna da wannan a ransa, in ma ya tashi neman haƙƙinsa wata rana, da idonsa a buɗe zai tashi. Wanda nake jin tsoro shi ne wanda ya cika ya batse, bai da kalma, sai wani ya zo ya ba shi ƙwaya da jaka ɗaya ya nuna masa inda zai ƙona.

Ba na cewa duk abin da yaro ya rubuta daidai ne. A babi na 6 na littafin nan akwai wurin da tauraruwar ta yi tunanin kashe kanta, marubuciyar kuma ta ambaci sunan maganin da adadinsa. Da na karanta na ce mata wannan layin dole ya fita. Masana lafiya sun daɗe suna gargaɗin 'yan jarida da marubuta kada su bayyana hanya dalla-dalla, domin mai rauni na iya kwaikwaya, kuma kada a nuna mutuwa kamar mafita ko ramuwar gayya. Abin da ke taimako shi ne a nuna wanda ya kai bakin ramin ya dawo, da wanda ya riƙo hannunsa. Ta yi musu da ni, ta ce gaskiya take rubutawa. Muka yi kusan sa'a guda, daga ƙarshe ta soke layin da hannunta, ta ƙara wata ma'aikaciyar jinya a labarin. A ranar ne kuma na samu damar tambayarta, a hankali, ko ita kanta tunanin ya taɓa zo mata. Amsar da ta ba ni tsakanina da ita ne da mahaifiyarta, amma na gode wa Allah da na tambaya. Haka na ce mata kada ta sa sunan jam'iyya, ko na wani jami'i, ko na unguwar da za a gane gida. Aikin babba ke nan a kan rubutun yaro, ya karanta, ya gyara, ya kare shi. Wanda ya ƙwace bai karanta ba, babi na 6 ya wuce shi, yarinyar da ke bayan babin ma ta wuce shi.

Roƙona na farko ƙarami ne: a mayar mata da kayenta. In ana tsoron a nuna wasan a gaban manyan baƙi, to a bar wasan, amma littafin nata ne.

Sauran roƙon na dukanku ne. Kusan kowace lise tana da malamin ba da shawara, konseye, wanda aka horar, amma muka mayar da aikinsa cike takardun zaɓen fanni. Ku haɗa shi da malamin adabi guda ɗaya mai sanyin hali, ku ba su sa'a ɗaya a mako da aji ɗaya da ba kowa, yara su kawo abin da suka rubuta ko suka zana, a karanta, a tattauna. A yi ƙa'ida a fili tun ranar farko: abin da aka karanta a nan ba ya zuwa ofishin horo, ba a ambatar sunan mutum na gaske, wanda ya so ya sa sunan aro. In rubutu ya nuna yaro na cikin haɗari, a san tun kafin ranar wane ma'aikacin lafiya za a kira, a kuma san yadda za a gaya wa iyaye ba tare da an jawo masa duka ba.

Ku bar su su rubuta da harshen da suke kuka da shi. Tsarin mulkin 1996 ya ce ƙasa za ta kare harsunan gida ta kuma ɗaukaka su, darasin harsuna da al'adun ƙasa ma yana cikin manhaja. Hausa, Fillanci, Barbarci, Larabcin Shuwa, Mafa, Giziga, Tupuri, Faransanci, duk wanda ya zo wa yaro a baki. Ku iyaye kuma, kuɗin ƙungiya da muke tarawa kowace shekara, da shi ake biyan malaman wucin gadi, ana gyara benci, na sani ba ya isa. Duk da haka a ware ko na kaye 50 ne da kabad ɗaya mai makulli. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, maimakon jawabin da ba mai saurare, a ba yara uku dama su karanta nasu.

Ku iyaye maza, Alhaji, Malam, ku na fi ji. Kafin ka kai takardar 'yarka murhu, ka karanta ta. In bokon bai zauna maka ba, ka sa ta karanta maka bayan isha'i, kai da ita, ba a gaban ƙannenta ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma 'ya'yanmu mata mun koya musu sunkuyar da fuska a gabanmu tun suna ƙanana. Takardar nan wataƙila ita ce kaɗai hanyar da za ka ji muryarta kafin ta bar gidanka.

Mahaifin yarinyar nan ya zo wurina da kansa a makon jiya, bayan matarsa ta gaya masa abin da ke babi na 6. Ya zauna a bakin zaure yana juya hularsa a hannu, ya ce shi dai tsoro ya ji kada a zo a tafi da ita. Na ce na sani. Ya tambaya ko za ta iya sake rubutawa daga ka. Na tambaye ta, ta ce ko da ta iya tuno babi takwas ɗin, rubutun gefen ba nata ba ne, ba za ta iya mayar da shi ba. Ta kuma ce har yau ba ta yanke ko yayan zai dawo a babi na 9 ba.

Ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya kai mu, da ƙarfe takwas na safe, ni da mahaifinta za mu zo ofishin makarantar mu nemi littafin cikin ladabi. Duk wanda ke cikin ƙungiyar iyaye da yake so ya raka mu, ya same mu a bakin ƙofa.

Wassalam.

Taku,
tsohuwar malamar lise, Marwa